Wa Ke da Bakin Cewa Ana Yunwa a Adar?

Wanda ya taso daga Birnin Ƙonni ya nufi arewa, ya ratsa Badagishiri ya shiga Tahoua, zai ga yadda ƙasa ke sauya fuska a hankali. Jigawa tana ja da baya, duwatsu masu shimfiɗaɗɗen kai suna tasowa, ga fako jajir wanda ruwan sama ke gudu a kansa bai tsaya ya shiga ba. Gaba da Tahoua, ta wajen Barmu da Takanamat da Tabalak har Abalak, gero sai ƙara gajarta yake yi har gona ta sallama wa makiyayi. Tun 1961 doka ta ja iyakar noma ta arewa, amma yawan jama'a ya daɗe da tura gonaki suka tsallake ta. Damina a nan wata uku ce idan an yi sa'a. Ko a shekarar da aka ce ta yi kyau, gidaje da yawa kan share rumbu kafin a sake shuka.

Saboda haka yunwa ba baƙuwa ba ce a wannan ƙasa ta Adar. Abin da ya sauya cikin shekaru ɗari shi ne wanda ke da ikon faɗinta a fili tun tana tafe, da kuma wanda za a saurara idan ya faɗa.

Tsofaffi sun gaji labarin Kakalaba, babbar yunwar 1913 zuwa 1914 da ta share ƙasar Hausa daga Adar har Kano, a lokacin da Turawan mulki ba su fasa karɓar haraji ba. A 1931 fara ta cinye gonaki, aka yi wata yunwar wadda ta fi tsanani a ƙasar Zabarma. Masanin tarihi ɗan Nijar, Boureima Alpha Gado, ya bi diddigin waɗannan shekaru a littafinsa na 1993 kan tarihin yunwa a Sahel, ya nuna cewa fari shi kaɗai bai cika kisa ba sai ya tarar da haraji da aikin tilas sun riga sun raunana gida. Bayan 1931 Faransawa suka matsa wa ƙauyuka su riƙa zuba hatsi a rumbunan tsimi na dole. Dabarar ba ta da laifi, Bahaushe ma ya san tsimi tun kafin zuwansu. Amma mabuɗin yana hannun hukuma, kuma talaka ya ɗauki abin a matsayin wani harajin. Wannan zargi ya daɗe yana bin duk wani rumbun taro da aka kawo daga sama.

A ƙasa kuwa, mutane suna da nasu hanyoyin. Mata su shiga daji su tsinko anza, su jiƙa ta kwana da kwanaki suna sauya ruwa har ɗacin ya fita. A ci jiga da tafasa, a sussuke ƙarangiya, a tona gidan tururuwa a kwashe hatsin da ta tara. Akwai gayya, akwai zakkar amfanin gona, akwai biki tsakanin mata, akwai habbanaye na Fulani, inda ake ba wanda garkensa ya ƙare aron saniya har ta haifa masa nasa. Sama da duka akwai bida. Da an gama girbi, samarin Adar da magidanta sai su kama hanyar Kano da Legas da Abijan, daga baya Kamaru da Libiya da Aljeriya, su yi dako da talla da ƙananan sana'o'i su aiko da abin sayen hatsi. Duk wanda zai rubuta tarihin taimakon juna a Adar bai fara da 'yan bida ba, ya tsallake ginshiƙin. Su ne suka ciyar da ƙauyukan nan a yawancin shekarun wahala, babu ofis, babu takardar rajista.

Farin 1973 ya kai yunwa fadar mulki. Dabbobi suka mutu a Azawak, Buzaye da Fulani suka gangaro bakin garuruwa hannu rabbana, labari ya bazu cewa hatsin taimako yana ɓacewa a hannun manya. Ranar 15 ga Afrilun 1974 Seyni Kountché ya kifar da shugaba Diori Hamani, kuma batun hatsin yana cikin manyan dalilan da sojoji suka bayar. Tun daga ranar kowane shugaban Nijar ya san cewa yunwa tana iya cin kujera. A ganina nan ne asalin tsoron da gwamnatoci suka yi ta yi wa ambatonta, tsoron da yara suka biya kuɗinsa shekaru talatin bayan haka.

Kountché ya ɗauki cimaka da muhimmanci, ya cika rumbunan gwamnati na OPVN, ya farfaɗo da samariya a kowace unguwa da ƙauye. Samariya ta yi gayya, ta gina azuzuwa, ta haƙa rijiyoyi. Sai dai ƙungiya ce ta hukuma, tana aiki idan an ce ta yi, ba ta da bakin tambaya. Da farin 1984 ya zo, ya tarar da Najeriya ta rufe iyakokinta a ƙarƙashin Janar Muhammadu Buhari. Hatsi bai shigo ba, 'yan bida ba su samu hanya ba, shi ya sa a ƙasar Hausa ta Nijar ake kiran wannan yunwa El-Buhari.

Daga cikin waɗannan shekaru masu zafi ne aikin farfaɗo da ƙasa ya fito, kuma Adar ce ta zama makarantarsa. A kwarin Majiya, wajen Buza, ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji sun fara dasa layukan dogon yaro a 1975 don kare gero daga iska, har suka kai ɗaruruwan kilomita. A 1984 aka buɗe babban aikin Keita da kuɗin Italiya, hukumar FAO tana gudanarwa, hukumar abinci ta PAM tana biyan ma'aikata da abinci, abin da mutane ke kira gina ka ci. An jera duwatsu a gangare, an tsaga ramuka a jikin tsaunuka, an datse ƙoramu, an dasa miliyoyin itatuwa. Yawancin hannayen da suka ɗauki duwatsun nan na mata ne, don maza suna bida. Matan da a da ba a kiran su taron gari suka zama masu kawo abinci gida a tsakiyar rani, suka saba da aiki ƙungiya ƙungiya da lissafin kwanaki da tsayawa gaban ma'aikaci su nemi haƙƙinsu. Ban tsammanin waɗanda suka tsara aikin sun sa wannan a lissafi, amma ya daɗe fiye da wasu madatsan.

Labarin tassa ya fi burge ni, don kusan babu kuɗi a cikinsa. A 1989 wasu manoman Illela suka je Yatenga a Burkina Faso, suka ga yadda ake haƙa ƙananan ramuka a fako, a zuba taki, a jira ruwa ya taru a shuka a ciki. Suka dawo suka gwada. Shekarar da ta biyo ruwa ya yi ƙaranci, gonakin ramuka suka ba da hatsi, na kusa da su suka bushe. Maƙwabci ya gani ya kwaikwaya. Cikin 'yan shekaru sai ga mutane suna sayen fakon da a da ko kyauta ba mai so, ga samari suna yawon haƙa tassa ana biyansu. Manomi ne ya koya wa manomi.

Taron ƙasa na 1991 ya buɗe bakin jama'a. Ƙungiyoyi suka fito ta ko'ina: AREN ta makiyaya, wadda ta riga taron da shekara guda, Timidria mai yaƙi da bauta, wadda ta yi ƙarfi sosai a jihar Tahoua, ANDDH ta kare haƙƙin ɗan Adam, da ƙananan ƙungiyoyin manoma da ba sa lissafuwa. A wannan shekarar ce CARE ta fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi. Adashi ne aka yi wa gyara: mata su taru duk mako su zuba abin da ya sauƙaƙa a akwati, su ba junansu rance da ɗan riba, su raba a ƙarshen zagaye. Ya bazu zuwa Tahoua da sauran jihohi, daga baya ya tsallaka ƙasashe da dama na Afirka da Asiya. Ƙungiyoyi da yawa sun sayi hatsi da kaka yana araha suka ajiye don bazara. Wannan ma rumbun tsimi ne, amma mabuɗin yana ɗaure a bakin zanen mai shi.

Duk da haka, har zuwa 2004 tamowa ba ta zama maganar siyasa ba. Yaro ya rame, gashinsa ya yi ja, ƙafafunsa su kumbura, a ce haƙora ne, ko a ce ya sha nonon ciki, a kai shi wajen wanzami ko boka. Asibiti ba shi da abin ba shi. Ana lissafin ƙarancin cimaka da tan na hatsi, ba a lissafa yara.

Damina ta 2004 ta ɗauke da wuri, farin dango ya sauka a arewacin yankin noma da wuraren kiwo. Giɓin hatsi na ƙasa bai wuce tan 223,000 ba, wanda ba shi ne mafi muni da aka taɓa gani ba. Kasuwa ce ta yi ɓarnar. Hatsi ya yi tsada a Najeriya ma, ƙasashen maƙwabta suka tsuke fitar da shi, buhun gero ya yi ta hawa har ya kai jika 30 na sefa a wasu kasuwanni, a daidai lokacin da darajar dabba ta faɗi warwas. Makiyayin da ke sayar da rago ya sayi buhu sai ya koma sayar da biyu ko uku. Gwamnati da masu ba ta tallafi suka tsaya kan sayar da hatsi a farashi mai rahusa, jika 10 buhu, suna gudun kada rabon kyauta ya ɓata kasuwa. Wanda ya riga ya sayar da akuyarsa ta ƙarshe ba shi da jika 10.

A farkon 2005 kuma sai dokar kasafin kuɗi ta ɗora harajin kashi 19 cikin ɗari a kan fulawa da madara da sukari da ruwa da wuta. Ƙawancen yaƙi da tsadar rayuwa, wanda Nouhou Arzika ke jagoranta, ya fito da dubban mutane kan titunan Yamai ranar 15 ga Maris, aka biyo da ranakun zaman gida da suka tsayar da kasuwanni a manyan garuruwa. Aka kama shugabannin, cikinsu har da Moussa Tchangari da Morou Amadou, aka sake su, a watan Afrilu gwamnati ta janye harajin daga yawancin kayan. Wannan ce nasara mafi girma da farar hula ta taɓa samu a Nijar a kan abin da ya shafi tukunya. Amma dole a faɗi cewa yaƙin 'yan birni ne. Matar Bambey ko Garhanga ba ta sayen fulawa, ba ta biyan kuɗin wuta. Sai a watan Yuni aka yi tattaki a Yamai na neman a raba abinci kyauta, kuma bai tara rabin jama'ar Maris ba.

Waɗanda suka tilasta wa duniya ta duba su ne likitocin ƙungiyar agaji ta MSF, da suka buɗe cibiyoyin jinyar tamowa a Maraɗi da Dakoro da Agye da Keita da Tahoua, suka yi ta fitar da adadin yaran da ke shigowa mako mako. A watan Yuli hotunan BBC suka zagaya duniya, kuɗi suka fara zuba, a watan Agusta aka soma rabon kyauta. A cikin watan nan ne shugaba Tandja Mamadou ya ce wa BBC babu yunwa a Nijar, mutanensa suna da alamar ƙoshi. Kafin shekarar ta ƙare MSF kaɗai ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani.

Abin da ya sa hakan ya yiwu ɗan ƙunshi ne na gyaɗa da madara da mai da sukari da sinadaran gina jiki, Plumpy'nut, wanda iyaye mata ke kira biskit. Ba ya buƙatar ruwa ko wuta, uwa tana iya ba ɗanta a gida ta dawo awo bayan mako, sai wanda ciwo ya haɗu masa ake kwantarwa. A 2005 kamfanin STA ya fara yin sa a Yamai, ma'aikatar lafiya ta fitar da ƙa'idar jinyar tamowa ta ƙasa, a 2006 aka ayyana magani kyauta ga yara 'yan ƙasa da shekara 5. Masu bincike na cibiyar LASDEL, waɗanda suka zauna a ƙauyuka har da Bambey, sun dawo da labari mai sanyaya jiki ga masu taimako: abin da ya fi riƙe gidaje shi ne kuɗin 'yan bida da dabarun mutane na kansu, kuma rabon da aka ɗaura wa yaro mai tamowa ya sa a wasu wurare ana kallon uwar ramammen yaro a matsayin mai sa'a. Wannan ba abin zargin uwa ba ne. Gida ne duka ke jin yunwa, aka buɗe ƙofa ɗaya tak.

Gwamnati ba ta manta da kunyar 2005 ba. A Yulin 2008 ta dakatar da MSF ta Faransa a Maraɗi, ƙungiyar ta tattara ta bar aikin kafin ƙarshen shekara. Darasin ya shiga kunnen likitocin ƙasa. FORSANI da BEFEN, ƙungiyoyi biyu da 'yan Nijar suka kafa, suka karɓi babban kaso na jinyar tamowa a Madarumfa da Mirya da Dakoro, tare da abokan aiki na waje. Baƙo ana iya ba shi kwanaki ya fita, ɗan ƙasa kuwa sai dai a yi gardama da shi.

Damina ta 2009 ta sake gazawa, fadar shugaban ƙasa ta sake yin shiru, har sojojin Salou Djibo suka karɓi mulki ranar 18 ga Fabrairun 2010. Cikin makonni gwamnatin riƙo ta fito ta ce fiye da rabin jama'a na cikin haɗari, ta nemi taimako. Binciken watan Yuni ya nuna kashi 16.7 na ƙananan yara suna da tamowa, sama da ma'aunin gaggawa na kashi 15, kuma an yi jinyar fiye da 300,000 a shekarar. Matsalar ta fi ta 2005 faɗi, amma an tare ta da wuri domin an yarda a ambace ta.

A jihar Tahoua an gwada wani abu sabo a wannan shekarar. Ƙungiyar Concern, wadda ke aiki a yankin tun 2003, ta raba kuɗi maimakon hatsi, kimanin jika 22 a wata har wata biyar, akasari a hannun mata, wasu ta wayar salula ta hanyar Zap na kamfanin Zain. Masaniyar tattalin arziki Jenny Aker ta bi ƙauyuka 96, ta gano cewa gidajen da kuɗinsu ya zo ta waya sun fi cin abinci iri iri, kuma yaransu sun fi samun ci a yini. Dalilin bai da wuyar ganewa ga wanda ya san zaman gidan Bahaushe. Matar ba ta ɓata yini a layi ba, kuma kuɗin ya shigo a asirce, ta sami sararin shawara da maigida kafin dangi da masu bin bashi su ji.

Kundin tsarin mulki na 25 ga Nuwamban 2010 ya rubuta a sashe na 12 cewa kowa yana da haƙƙin samun abinci mai kyau kuma isasshe, kuma Alternative Espaces Citoyens ta Moussa Tchangari ta yi shekaru tana yawo da wannan sashe tana tuna wa hukuma. A Fabrairun 2011 Nijar ta shiga ƙawancen duniya na yaƙi da tamowa mai suna SUN, ƙungiyoyin ƙasa da na waje suka haɗu a inuwa ɗaya mai suna TUN don magana da murya guda a kan abinci mai gina jiki. Sabon shugaban ƙasa Mahamadou Issoufou, ɗan Dandaji ta ƙasar Illela, ya zo da shirin 3N na 'yan Nijar su ciyar da 'yan Nijar. A takarda, duk abin da aka yi ta nema tun 2005 ya samu. A ƙasa kuwa, 2011 ta kawo wa Adar masifa ta inda ba a zata ba: yaƙin Libiya da rikicin Kodebuwa suka koro dubban 'yan bida gida hannu wofi, damina kuma ta gaza. Masu aiko da kuɗi suka zama ƙarin bakunan ci.

Ci gaban da na fi ba daraja a shekarun da suka biyo ƙarami ne a ido. Zaren awon dantse ne mai launi uku, kore da rawaya da ja, ja yana farawa ƙasa da milimita 115. A da sai ma'aikacin lafiya ke riƙe shi. BEFEN da abokiyar aikinta ta waje ALIMA suka gwada a Mirya suka nuna cewa uwar da ba ta taɓa shiga aji ba tana iya auna ɗanta daidai, kuma tana kawo shi asibiti da wuri fiye da yadda ake samu a da. Dabarar ta bazu a ƙasar. Haka nan aka kafa kwamitocin ƙauye na gargaɗin gaggawa, masu rubuta farashin tiya da halin rijiya da lafiyar dabbobi da yawan masu tafiya bida, su aika wa gunduma. Abin da shugaban ƙasa ya iya musantawa a 2005 ya zama abin da mace ke gani da idonta a tsakar gidanta.

Amma kada a yi saurin yabo. Kusan rabin yaran Nijar har yanzu suna da tsumburewa, irin tamowar da ba ta kai yaro asibiti, sai dai ta rage masa tsawo da kaifin ƙwaƙwalwa. An ƙware wajen ceto, ba a ƙware wajen hanawa ba. Kwarin Tamaske da Galmi suna loda motocin albasa zuwa Gana da Kodebuwa, a gefensu yaro yana wuni kan fura mai ruwa. Auren wuri, haihuwa kusa da kusa, zazzaɓin damina, ruwan tabki, rumbun da maigida ke rufewa ya tafi bida, duk suna nan. Sannan yawancin kuɗin biskit da na ƙungiyoyin da ke magana a kansa daga waje yake zuwa. Ƙungiyar da ke rayuwa daga aiki zuwa aiki tana koyon rubuta rahoto da harshen mai ba da kuɗi fiye da sauraron ƙauye, kuma idan kuɗin ya yanke, sau da yawa allon suna ne kawai ke saura a bakin hanya. Akwatunan Mata Masu Dubara sun fi jure wa wannan, saboda kuɗin cikinsu na masu su ne.

Arewacin jihar kuma ya shiga wani hali. Bayan 2012 'yan gudun hijirar Mali suka zauna a Intikan da Tazalit. An kai hari Tazalit a Oktoban 2016 aka kashe sojoji 22, a ranar 21 ga Maris 2021 aka kashe mutum 137 a ƙauyukan Tiliya. Kasuwannin dabbobi suka yi rauni, hanyoyin kiwo suka toshe, kuma a wuraren da motar ƙungiyar waje ba ta iya shiga, 'yan sa kai na ƙauye da ƙananan ƙungiyoyin ƙasa ne ke ɗaukar kwalayen biskit.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, takunkumin CEDEAO ya rufe iyakar Najeriya da ta Benin, kayan jinyar yara suka maƙale a hanya, Ƙonni ta ga irin abin da iyayenta suka gani a 1984, har aka ɗage takunkumin a Fabrairun 2024. A Nuwamban 2024 hukumomi suka janye izinin ƙungiyar agaji ta ACTED da na APBE, wadda ƙungiya ce ta 'yan ƙasa. A Fabrairun 2025 aka umarci kwamitin Croix-Rouge na duniya ya fice, a daidai lokacin da Amurka ta datse yawancin tallafinta na waje. Moussa Tchangari, wanda aka kama a 2005 kan tsadar rayuwa, an sake kama shi a Disambar 2024. Majalisun gundumomi da aka zaɓa an rusa su tun Afrilun 2024, saboda haka rahoton kwamitin ƙauye kan farashin tiya da dantsen yara yanzu yana sauka ne a teburin jami'in da aka naɗa daga Yamai.